Gadar da Ta Ƙi Makara

Duk wanda ya ci kasuwar Damri a shekarun da ake haƙa hanyoyin ruwan Bakolori ya ga Labbo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren dattijon nan mai albasa, mai hula ɗaya tilo wadda ta ga duniya. In mai karɓar kuɗin kasuwa ya iso gabansa, sai ya miƙa masa da hannu biyu cikin ladabi, sa'an nan ya kama masa gefen riga ya ce, "To, na ba ka. Ina za ka kai shi?"

Mutumin Tungar Jatau ne, wani ɗan ƙauye a ƙasar Bakura. A can aka haife shi, a can ya gaji gonar ubansa da jakin ubansa da taurin kan ubansa. Kada wani ya ce rowa ce da shi, wallahi ba rowa ba ce. Lokacin haraji, sa'ad da wasu magidanta kan tuna suna da 'yan'uwa a nesa da suka daɗe ba su ziyarta ba, Labbo ne na farko a ƙofar maigari. Abin da ya ɗauka a ransa shi ne, wanda ya biya ya sami ikon tambaya, kuma duk abin da hukuma ta saya nasa ne. Motar ƙaramar hukuma ta wuce da gudu ta faɗa rami, sai ka ji shi daga cikin gona yana ɗaga murya, "Kai direba! A hankali da motata!" In ya ga an bar famfo yana zuba, zai tsaya ya ɗaure shi da tsumma, ya bi unguwa yana neman wanda ya bari. Samari suka laƙaba masa Odita. Da aka gaya masa odita shi ne mai bin diddigin kuɗin gwamnati, sai ya gyara hula ya ce sunan bai yi laifi ba.

Mutum ɗaya ce a duniya take iya rufe masa baki, matarsa Nagode. Doguwa ce, mai sanyin magana, tana yin daddawa a cikin gida, kuma ƙamshin daddawarta ya kai har Faru. In Labbo ya dawo ya zauna a gaban akushi ya fara lissafa ɓarnar da ya gani yau, sai ta bar shi ya yi nisa, sa'an nan ta ce, "Malam, tuwon ga ba na hukuma ba ne. Ci ka bar bincike." Sai ya yi dariya ya sa hannu.

Allah Ya ba su haihuwa huɗu, Ya bar musu ɗaya, Hadizatu, wadda ta yi aure a Faru. Sauran ukun tun suna ƙanana aka kai su tsohuwar maƙabarta da ke gabas da gari, aka kwantar da su kusa da juna a gindin wata aduwa. Mata ba sa zuwa maƙabarta, saboda haka Nagode ba ta taɓa ganin wurin ba. Abin da ta sani game da shi a bakin Labbo ta ji. In ya je ya dawo takan tambaye shi ko aduwar ta yi 'ya'ya, ko ruwa bai zaizaye ƙasar ba, shi kuma ya ba ta labari dalla-dalla kamar wanda ya dawo daga gaishe da dangi.

Sai ga aikin madatsar ruwa ya zo. Manyan motoci suka shigo suna ture ƙasa, gonaki suka canza kama, har mutum ya rasa gane iyakar gonar kakansa. An sha ɓacin rai a shekarun nan, wanda ya gani ya sani. Abin da ya faɗo wa Tungar Jatau shi ne wata babbar hanyar ruwa, wadda ake kira kanal, mai zurfi, mai gangaren siminti sumul, da ta bi ta gabas da gari. Ta raba mutane da rabin gonakinsu, ta raba su da matattunsu. Mai son hayewa sai ya yi doguwar tafiya zuwa babbar gadar da ke kan hanyar mota.

A daidai lokacin ne aka zaɓi Lawali kansila. Lawali ɗan ƙanen Nagode ne, uwarsa ta rasu yana jariri, a bayan Nagode ya yi wayo. Malamin firamare ne kafin siyasa ta ɗauke shi, yaro mai kunya, mai yawan murmushi. Ranar da ya ci zaɓe Labbo ya je har gida ya durƙusa masa da gangan yana cewa, "Ranka ya daɗe, talakanka na gaisuwa," Lawali kuwa ya rasa inda zai sa kansa, yana ta cewa, "Haba Baba, don Allah tashi."

"Zan tashi," in ji Labbo, "amma ka sani daga yau idona na kanka."

A yi wa yaron nan adalci, ya yi ƙoƙari. Ya yi ta naci a majalisa har aka yarda za a yi wa Tungar Jatau gada. Aka tara magidanta a ƙofar maigari don a ji ta bakinsu, abin da ba a saba yi ba. Kowa na ta godiya da sa albarka, sai Labbo ya miƙe. Ya ce godiya ba ta hana tunani. Ya ce in aka bar gadar nan a buɗe, motocin albasa za su bi ta, amalanken shanu za su bi ta, garke zai bi ta, kafin damina biyu ta tsage, a sake ɗibar kuɗin talakawa a gina wata. "Ku kafa mata turakun ƙarfe baki da baki," in ji shi, "a yi su da lanƙwasa, yadda sai mutum ɗaya zai kutsa. A ja mata ƙarfe hagu da dama, mai tsawo, a matse tsakiya. Mutum ya wuce, jaki ya wuce, keke ya wuce. Mi munka rasa?"

Wuri ya ɗauki sowa. Maigari ya ce kai, Labbo, Allah Ya yi maka kai. Liman Abdulhamid ma ya gyaɗa kai. Duk dattawan da ke zaune a wurin, mutanen da suka sha ɗaukar gawa a kafaɗa, babu ko ɗaya da ya tuna da ita a ranar. Lawali ya kai shawara, aka yi gada daidai yadda Labbo ya faɗa.

Zo ka ga Labbo da gadarsa! Yakan share ta da tsintsiya. Yakan kori yara in suna lilo a jikin ƙarfen. In baƙo ya zo gari, kafin a ba shi ruwa Labbo ya ja shi ya je ya nuna masa.

Ana nan sai Abdu mahauci ya rasu. Aka yi masa wanka, aka yi masa salla, mutum huɗu suka ɗauki makara, biyu a gaba biyu a baya, jama'a na biye ana karɓar juna kamar yadda aka saba. Da aka iso bakin gada sai tafiya ta tsaya. Makara doguwa ce, ba ta lanƙwasa, ta ƙi shiga tsakanin turakun. Aka juya ta nan, aka juya ta can. Wani ya ce a ɗaga ta sama da ƙarfen a miƙa. Aka ɗaga, na gaba suka kutsa ɗaya bayan ɗaya, hannuwa a sama, sai makarar ta karkace. Labbo yana kusa, da idonsa ya ga ƙafafun mamacin cikin likkafani sun zame sun leƙa ruwa. Wani saurayi ya yi wuf ya tare da ƙirjinsa. Salati ya tashi ko'ina.

"Ku sauke shi!" in ji liman. "Ku sauke bawan Allah. Ba a sake yin wannan da gawar Musulmi ina raye."

Aka juya aka bi ta babbar gada, cikin rana tsaka, tsofaffi na zubewa a hanya suna hutawa. Ba a daɗe ba maigari da liman suka yanke wani fili a yamma da gari suka ce nan ce sabuwar maƙabarta. Babu wanda ya ce wa Labbo kai ka jawo. Da ma sun faɗa, da ya fi masa sauƙi. Sai dai in ya iso majalisar hira a yi shiru, a gaishe shi da kyau fiye da kullum.

Ranar da labarin sabon filin ya shiga gida, Nagode na tsakar gida tana tsince kalwa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, ashe yamma za a kai mu."

"Haka anka ce."

"Ni ban taɓa ganin wurin yaran nan ba," in ji ta. "Ina ta haƙuri, ina cewa ai akwai ranar da za a kai ni, rana ɗaya, in je ke nan. Yanzu ita ma an ɗauke."

Ba ta yi kuka ba, ta ci gaba da tsintar kalwarta. Labbo ya matso kusa da ita. Ya ce, "In Allah Ya yarda gindin aduwar nan za ki kwanta. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Gyaran kuwa ba wuya gare shi ba, in da wani ne. Samarin gari sun same shi suka ce, Baba Odita, ka ce mu yi kawai, akwai zarton ƙarfe wurin mai gyaran keke, kafin azahar mun gama. Labbo ya daka musu tsawa. Ya ce wannan dukiyar jama'a ce, hukuma ta kafa, hukuma za ta cire. Ya ce in kowa zai ɗauki zarto ya yanke abin da bai yi masa ba, gobe ba za a sami ko ƙyauren asibiti ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana hana a taɓa kayan hukuma, yaya za a yi a ce shi ya fara? Samari suka tafi suna gunaguni.

Sai ya kama sintiri zuwa ofishin ƙaramar hukuma. In ya sayar da albasa a kasuwar Mafara ko ta Damri, maimakon ya huta washegari, sai ya ɗaura wa jaki akumari ya kama hanya. Masinjoji suka san shi, har suna ajiye masa wuri a benci da ruwa a moɗa. Yau a ce injiniya ya fita, gobe a ce sai majalisa ta zauna, jibi a ce kuɗin bana sun ƙare. Abin da ya fi ƙona masa rai, daga bencin da yake zaune yana kallon magina suna ɗaga wata ƙatuwar ƙofar shiga ofis, mai ado, ana shafa mata fenti kala-kala, ana jera duwatsu ana yi musu farar ƙasa saboda wani babban baƙo da aka ce zai zo.

Wata rana ya yi sa'a ya tare sakatare a bakin mota. Ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da iyali da gajiya, sa'an nan ya ce, "Ranka ya daɗe, wagga ƙofa wa za ya shiga ta wanda tsohuwar ta hana? Mu can ƙofar da munka roƙa ta matattu ce. Ba mu ce a gina ba, cewa munka yi a rage."

Sakatare ya yi murmushi ya ce, "Baba, ba ku ne kuka ce a sa ƙarfen ba?"

"Ni ne," in ji Labbo. "Ni kaɗai. Kuma na yi kuskure. To ku da kuke da ilimi, in talaka ya yi kuskure sai ku bar shi a ciki?"

Sakatare ya ce za a duba, ya shiga mota.

Shi ma Lawali yana cikin tasa. Ya tayar da maganar a majalisa, aka yi masa dariya, aka ce kai ka kawo a sa, kai ka kawo a cire, kuɗin hukuma abin wasa ne? Aka kuma ja masa kunne cewa duk wanda ya taɓa ƙarfen nan ba da izini ba, shi kansila ne zai amsa, kuma akwai masu jiran kujerarsa. Ya zo ya gaya wa Labbo haka, kansa a sunkuye. Labbo ya dube shi, ya ga yaro mai mata da ƙananan 'ya'ya, ya kasa yi masa faɗa. Ya ce, "Je ka, Kansila. Mu ci gaba da bi."

Lokacin cirar albasa Nagode ta kwanta. Da fari an ce zazzaɓi ne, sai abu ya ƙi sauka. Hadizatu ta taho daga Faru ta zauna jinya. Abin da ya fi damun Labbo shi ne, tun daga ranar nan ta kalwa Nagode ba ta sake ta da maganar ba. In ya dawo daga ofis ya shiga ɗaki, takan dube shi ta ce, "Sannu da hanya, Malam. Ka ci abinci?" Shi ke nan. Ya gane ta yafe masa alkawarin ne tun bai karya ba, kuma wannan yafiyar ta fi zagi zafi.

Da hantsi ta cika, ranar wata Alhamis, kanta a cinyar 'yarta. Allah Ya ji ƙanta.

Maza suka taru a ƙofar gida. Liman Abdulhamid ya matso kusa da Labbo ya yi masa gaisuwa, sa'an nan ya ce a hankali, "Masu tona suna jira. Yamma za su?" Labbo ya ɗago kai. Ya ce, "Gabas. Gindin aduwa." Liman ya dubi fuskar mutumin, ya gyaɗa kai. Masu tona suka saɓa magirbi suka nufi gada.

Labbo ya tashi ya je wurin mai gyaran keke ya karɓi zarto. Mutane suka bi bayansa daga nesa. Ya isa bakin gadarsa, wadda ya share da hannunsa, ya durƙusa a gindin turken farko, ya ɗora zarto. Hannun ya ƙi. Zarton na tsalle a kan ƙarfe, ko fenti bai kankare ba. Allah Sarki, tsoho! Hawaye ne suke zuba a gemunsa, yana ta ƙoƙarin ja, ga matarsa a kwance tana jira, ga abin da ya tsare duk rayuwarsa a gabansa.

Sai aka ji ƙarar babur. Lawali ne, an aika masa da rasuwar, ya taho ko hula babu. Ya jingine babur, ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa wani, ya zo ya durƙusa kusa da Labbo ya kama zarton.

"Sake shi, Baba."

"Za su cire ka, Lawali."

"Kai kac ce hukuma ta kafa, hukuma za ta cire. To ga hukuma ta zo, iyakar wadda anka samu ke nan yau." Ya share ido da bayan hannu. "Gwaggo ce ta goya ni. Sake."

Labbo ya sake. Lawali ya fara ja, hannun alli bai saba ba, nan da nan tafinsa ya yi bororo, amma bai miƙa wa kowa ba sai da turken farko ya faɗi, don kowa ya shaida wanda ya fara. Daga nan samari suka karɓa, wani ya kawo guduma, maƙeri ya kawo nasa kayan, aka bi turaku da ƙarfen gefe ana kayarwa. Kuma ka san hali ba ya barin mai shi ko a ranar makoki. Labbo na tsaye, ido jawur, yana nuna inda za a jera ƙarfen. "Ku tara su wuri ɗaya," in ji shi. "Ko guntu kada ya ɓace. A mayar musu da kayansu." Wasu suka yi dariya suna hawaye.

An mayar ɗin kuwa daga baya, Lawali da kansa ya kai a amalanke, ya tsaya ya amsa tambayoyin da aka yi masa. Bai sake zama kansila ba, ya koma ajinsa da allinsa, kuma ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba.

A ranar, bayan azahar, aka yi wa Nagode salla. Mutum huɗu suka ɗauki makara, Lawali a gaba ta dama. Da aka iso gada babu wanda ya rage tafiya. Biyu a gaba, biyu a baya, kafaɗa da kafaɗa, ruwa na gudu a ƙarƙashinsu, suka haye da Nagode lafiya lau, jama'a na biye.

Aka sa ta a makwancinta, aka jera itace, aka mayar da ƙasa, liman ya yi addu'a aka shafa. Mutane suka fara juyawa. Labbo bai tashi ba. Yana tsugune tsakanin sabon kabarin da ƙananan tudun nan uku da suka kusa bajewa. Lawali ya tsaya daga baya kaɗan yana jiransa, shi ne ma ya ji abin da ya faɗa.

Tsohon ya dafa na ƙarshe ya ce, "Umma." Ya dafa na tsakiya ya ce, "Sakinatu." Da ya zo kan na farkon sai ya yi jim. Ɗan fari ne, kuma saboda kunyar ɗan fari, daga shi har uwar babu wanda ya taɓa kiran sunan yaron da bakinsa, yana raye ko bayan ya tafi. Ya ɗora tafinsa a kan ƙasar, ya ce a hankali, "Yakubu. Ga innarku nan na kawo muku. Ta daɗe tana tambayarku."